NA JE YAWURI NEMAN AYU

Wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin labarin man ayu ba? Da an sa ranar budurwa za ka ga masu kayan mata sun soma zarya gidansu da 'yar kwalba, suna rantsuwa cewa in ta yi amfani da shi miji ba zai ƙara kallon wata ba. To amma wa ta taɓa ganin ayun da idonta? Wannan tambayar ce ta kai ni Yawuri, ni da ƙawata da bikinta ya rage wata biyu, Yayana ya raka mu.

Ana idar da sallar asuba muka bar Jega. Muka wuce Maiyama gari bai gama wayewa ba, muka tsaya Koko muka karya, hantsi ya dubi ludayi muna bakin kogin Kwara. Wallahi ni da na saba da gulbinmu, da na ga wannan ruwan sai da gabana ya faɗi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan ya ƙara faɗi, ya cinye tsibirai da dama, aka tashi Gungawa da ke zaune a kansu aka mai da su tudu.

Yaya ya samo mana wani dattijo Basarke mai kwalekwale, ya ce kuma ba mai shiga sai da rigar kariya. Don Allah ku riƙe wannan, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Muna cikin tafiya ga belbelu da zalɓe a gefen ciyawa, kirinjijiya na tashi garke-garke da fito. Can sai Baba ya tsai da filafili, ya yi nuni da haɓa. Kunnuwa biyu ne da hanci a saman ruwa. Dorina! Ƙawata ta ƙanƙame ni tana salati.

Na ce, "Baba, matsa da mu kaɗan mana."

Ya yi dariya. "Ɗiyata, mi kike so da ita? Daga nesa aka gaishe ta."

Da na ce ai ayu muka zo gani, sai ya yi shiru. Ya karkata da mu wani lungu mai ciyawar burugu, ya nuna mana guntayen ciyawa suna yawo a ruwa, ya ce nan ya yi kiwo da dare. Mun fi awa muna jira, ba mai tari. Sau ɗaya tak ruwa ya motsa, wani abu ya huro iska ya nutse. Baba ya ce shi ne. Iyakar ganinmu ke nan.

Ashe ayu ba kifi ba ne. Dabba ce mai shaƙar iska, ba ta cin komai galibi sai ciyawa, tsawonta kan kai mita 3. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne haihuwarta. Tana ɗaukar ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi da nonon da ke ƙarƙashin hammatarta, yana manne da ita fiye da shekara. In mafarauci ya soke uwa saboda kitse, rai biyu ya ɗauka. Shi ya sa suke ƙarewa, har a 2013 aka sa ayun Afirka cikin dabbobin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Dokar Nijeriya ma ta hana farautarsa.

Ku dubi yadda wasu suka yi da nasu. A Afirka ta Kudu, kusa da birnin Kef Tawun, akwai wani tsuntsun teku, fengwin, da ba ya tashi, yana tafiya a tsaye kamar yaro mai tatata. Mutane na zuwa daga Ingila da Amurka su biya kuɗi don su kalle shi kawai, 'yan garin na cin abinci da haka. Duk da wannan gatan, a 2024 an sanar cewa yana gab da ƙarewa. To ina ga namu da muke sa farashi a kan kitsensa?

A mota muna dawowa ƙawata ta ciro kwalbar da ta saya da kuɗin adashinta, ta jujjuya ta. Ta ce, "In ayu ya yi wuyar gani haka, ina suke samun mai cike da kasuwa?" Ba wanda ya amsa. Ko dai jabu ne aka ci kuɗinta, ko kuwa na gaske ne an bar wani ɗa ba uwa.

Da muka iso bayan magariba na ba Inna labari. Ta ce, "Shekara talatin nike ɗakin ubanku, ban san kalar man nan ba. Tsabta da haƙuri da iya magana, su na shafa."

'Yan'uwa, in an yi hutu ku roƙi iyaye a kai ku ku gani, gani ya kori ji. Kwalbar kuwa ku bar wa mai ita. Allah ya ba mu mazaje na gari, amin.