Haƙorin zirkoniya: gaurayen da ba algus ba ne

Tun da likitocin haƙori suka fara sa wa mutane haƙoran zirkoniya, ake jin masu cewa a nemi zalla, wai wanda aka gauraya da wani sinadari jabu ne. Wannan magana tana damuna, domin zirkoniya zalla ba ta ma fita daga wutar gashi lafiya, balle ta shiga bakin mutum.

Zirkoniya tangaran ce mai juriyar zafi, ba ta narkewa sai wajen digiri 2,700 a ma'aunin Salshiyos. Matsalarta tana wajen hucewa. Idan zafi ya sauko ƙasa da wajen digiri 1,170, ƙwayoyinta sukan sauya tsarin zamansu, sai ta kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Duk wanda ya taɓa manta kwalba cike da ruwa a firiza ya san ƙarshen zancen: ruwa ya daskare, ya nemi fili, kwalba ta tsage. Haka zirkoniya zalla take farfasa kanta.

Maganin shi ne a zuba mata ɗan sinadarin itiriya, ko magnesiya, kafin gashi. Shi ke riƙe ƙwayoyin a tsarinsu na lokacin zafi har bayan sun huce. A 1975 wani masani mai suna Garvie da abokan aikinsa a Ostareliya suka nuna cewa idan tsaga ta fara, ƙwayoyin da ke bakinta sukan kumbura nan take su matse ta. Kumburin da ke fasa ta a da, shi ya koma mai tsaronta. Irin wannan haɗi ake shafa wa fukafukan cikin injin jirgin sama don kada wuta ta cinye ƙarfen.

Abin tsoron yana wani wuri dabam. A 2001 an janye wasu ƙwallayen dashen ƙugu na zirkoniya da wani kamfanin Faransa ya ƙera, bayan sun riƙa fashewa a jikin marasa lafiya. Akwai itiriya a cikinsu. Sauya tsarin gashi ne ya sa damshin jiki ya lalata su da wuri.

Ingancin awo da gashi ba a gane shi da ido, aikin hukumomin da ke tantance kayan asibiti ne, kuma ya kamata mu riƙa jin motsinsu. Kafin a sa maka haƙorin, ka tambayi likita kamfanin da ya yi shi da takardar shaidar ingancinsa.