Kashe gobarar daji daga sama: Abin da ke jiran sabon mataimakin matuƙi

Daga watan Nuwamba, da zarar ciyawa ta bushe iskar hunturu ta fara kaɗawa, duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngaundere da dare zai ga wuta tana ci a gefen titi, wani wurin ta yi layi a kan tudu kamar an jera fitilu. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun daɗe suna cewa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar da wuta ke cinyewa a duniya kowace shekara a Afirka take. Amma idan aka nuna jirgi mai saukar ungulu yana kwarara ruwa a kan gobara, za ka iske a Girka ne, ko Kanada, ko Amurka.

Ni ɗan unguwar Roumdé Adjia ne, kuma na shafe shekaru ina aikin mataimakin matuƙi a irin waɗannan jirage a kudancin Turai. Lokacin da ake damina a Garwa, can ake tsananin rani, don haka nakan tafi a watan Yuni in dawo bayan Satumba. Duk dawowar da na yi sai samarin unguwa sun tare ni da tambaya: "Yaya, wai aikin nan yaya yake? Ta ina ake shiga?" Wasu ma iyayensu ke turo su, suna tunanin sayar da fili ko shanu don biyan kuɗin makaranta. Wanda zai ɗauki irin wannan nauyi ya kamata ya san abin da zai tarar.

Hanyar zuwa kujerar

Dokar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce mai neman lasisin tuƙa helikwafta na haya sai ya yi sa'o'i 150 yana tashi, ko da yake ana ragewa ga wanda ya bi tsararren kwas a makarantar da aka amince da ita. Sai gwajin lafiya mai tsauri, na ido da kunne da zuciya, da kuma jarrabawar Turancin Ingilishi. Wannan na ƙarshen shi ke ba yaranmu da suka yi karatu da Faransanci wahala, gara mutum ya fara tun da wuri.

Amma lasisi ƙofar gida ce kawai. Kowane samfurin jirgi yana da nasa horon, aikin ɗaukar kaya da igiya ma haka. Ƙananan jirage irin H125, masu ɗaukar ruwa kusan lita 1,000, matuƙi ɗaya ke tuƙa su, kuma babu kamfanin da zai miƙa wa sabon shiga irinsu ya tura shi bakin wuta. Gurbin sabon shiga yana cikin manyan jirage masu matuƙa biyu: Super Puma, Mi-8, Kamov Ka-32 mai iya ɗaukar tan 5, ko S-64 wanda tankinsa ke cin kusan lita 10,000. A nan ake zama kusa da gwani a koya da ido da kunne.

Zaman jira ya fi tashi yawa

Abin da ya fi ba sabbi mamaki shi ne yawan zama. Da sassafe za ka zagaya jirgi tare da makanike, ka duba ko mai na ɗiga, ka duba ƙugiya da igiya da guga, ka karanta hasashen yanayi, ka lissafa nauyin da jirgi zai iya ɗagawa a zafin ranar. Daga nan sai a zauna. Wani lokaci a yi kwana huɗu, biyar, ba a kunna inji ba. Kana cikin kayan aiki masu hana wuta kama jiki, gumi na zuba, ba ka da ikon yin nisa da jirgi, domin idan aka buga ƙararrawa cikin 'yan mintuna ake so a gan ku a sama.

Sai wata rana da azahar, lokacin da zafi ya kai ƙarshe iska ta taso, a kira ku. Ranar kuwa sai faɗuwar rana za ku huta, in ban da saukar shan mai kusan duk bayan sa'o'i biyu. A wurare da dama doka ta hana matuƙi wuce sa'o'i 8 yana tashi a yini, kuma da dalili: gajiya ba ta sallama, kawai za ka ga mutum ya fara jinkirin amsa rediyo.

Idon kyaftin na waje, naka na ciki

Mafi yawan jirage da guga suke aiki, wata babbar jaka mai naɗewa da ake kira Bambi Bucket, wadda wani mutumin Kanada, Don Arney, ya ƙirƙira a farkon shekarun 1980. Tana rataye a ƙasan jirgi da igiyar da kan kai mita 15 zuwa 45. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan gugar da ta ɗebo lita 3,500 ta zama tan uku da rabi tana lilo a ƙarƙashinku.

Wajen ɗibar ruwa, kyaftin yakan leƙa kansa ta wata taga mai kumburi, yana kallon gugar kai tsaye a ƙasa. A wannan lokacin ba ya ganin ko ɗaya daga cikin agogunan da ke gabansa. To nan aikinka yake. Kai ne za ka riƙa karanto masa ƙarfin da inji ke bayarwa da zafinsa da gudun farfela: "Tamanin. Tamanin da biyar. Casa'in." Idan allura ta doshi jan layi ka yi shiru, za a wahalar da inji fiye da ƙima, ƙarshenta a ajiye jirgi kwanaki ana bincike alhali daji na ci, in ma abin bai fi haka muni ba.

Kai ne kuma mai rediyo. Akwai jirgin da ke shawagi can sama yana tsara zirga-zirga, akwai shugaban 'yan kwana-kwana a ƙasa, akwai sauran matuƙa, duk suna magana kusan lokaci guda, wasu da Turancin da sai ka kasa kunne sosai. Kana lissafin man da ya rage, kana rubuta yawan gugar da aka zuba da lokacin kowace, kana kallon jirgin da ke gabanku da wanda ke bayanku, domin a babbar gobara jirage huɗu ko biyar kan bi juna a da'ira ɗaya tsakanin ruwa da wuta.

Akwai abu guda da tarbiyyarmu ke sa ya yi mana nauyi. Mun tashi ba a katse babba, ba a ɗaga masa murya. A cikin jirgi kuwa, idan ka hango haɗari, dole ka faɗa nan take da babbar murya, ko da kyaftin ya haife ka. Wani dattijon kyaftin da na yi aiki da shi yakan ce wa sabbi tun ranar farko, ladabin da yake so a wurinsu shi ne su yi magana kafin ya tambaya. Kuma kada ka sa rai za a ba ka sanda da wuri. Shekarar farko, yawanci a hanyar zuwa da dawowa kawai za ka tuƙa.

Zafi, hayaƙi da waya

Iska mai zafi ba ta da kauri. Farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Gugar da jirgi ya ɗaga cike da safe, da rana tsaka sai an rage mata ruwa, musamman a kan duwatsu. Haka kuma yayin da mai ke ƙarewa jirgi na sauƙi, sai a ƙara ruwan. Wannan lissafin yana kanka, kuma yana canzawa sa'a bayan sa'a.

Hayaƙi kuwa yana rufe ido farat ɗaya. Wuta babba tana haifar da tata iskar, ta ɗaga jirgi sama ta sake shi kamar an ja tabarma. Wanda bai saba ba har amai yake yi, kuma ba abin kunya ba ne.

Amma abin da matuƙa suka fi tsoro shi ne wayar lantarki. Daga sama ba a ganinta, ballantana cikin hayaƙi ko rana na haska ido. Shi ya sa ake koya mana neman turaku, domin inda ka ga turke biyu to akwai waya a tsakani. Kafin a tsoma guga a sabon wuri sai an zagaya shi an duba. Sannan kowane matuƙi ya san inda maɓallin sakin kaya yake ko da ido rufe. Idan inji ya samu matsala ko guga ta maƙale a ƙarƙashin ruwa, ana sakin ta gaba ɗaya. Guga ana sayen wata.

Ruwan sama ba ya kashe wuta shi kaɗai

Mutane na zaton jirgi ne ke kashe gobara. A gaskiya jirgi yana rage mata kaifi ne, ya sanyaya gefenta, don mutanen ƙasa su samu damar matsowa da mesa da shebur da gatari su gama da ita. Idan babu su, bayan ɗan lokaci wutar za ta sake tashi daga ƙarƙashin toka. Zubin ma sai da gwaninta: in an yi sama da yawa ruwan ya watse kafin ya isa, in an yi ƙasa da yawa iskar farfela ta hura wutar. Kuma tan uku na ruwa idan ya faɗa kan mutum zai iya hallaka shi, don haka ba a zubawa sai na ƙasa sun ce sun kauce.

Akwai ranakun da wuta ke fin ƙarfin kowa. A Pedrógão Grande ta ƙasar Fotugal, a watan Yunin 2017, mutum 66 suka rasu, da yawansu a cikin motoci suna ƙoƙarin tserewa. A Aljeriya, gobarar watan Agustan 2021 ta kashe aƙalla mutum 90, ciki har da sojoji. A yankin Evros na Girka, a 2023, sama da hekta 90,000 suka ƙone, a shekarar da Kanada ta yi asarar fiye da hekta miliyan 15. Sabon mataimaki zai ga gidajen mutane na ci daga sama, ya ga garken tumaki da wuta ta rutsa, kuma dole ya ci gaba da karanta agogo. Da dare, bayan an kashe inji, a lokacin abin ke dawo wa mutum.

To, mu a nan gida fa?

Tambayar da dattawa suka fi yi mini ita ce, me ya hana a kawo irin wannan jirgi Garwa? Ga filin jirgin sama, ga sansanin sojan sama, ga kogin Binuwai, ga madatsar Lagdo da aka kammala a 1982.

Ta fuskar aiki abin zai yiwu, da nasa wahalhalun. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa na wuce digiri 40, ga hazon hunturu da kan hana ganin nesa, ga kogin da ke janyewa ya bar rairayi. Inda ruwa ke da zurfi kuma akwai dorina da masunta a kwale-kwale. Sannan sa'a ɗaya ta babban jirgi miliyoyin sefa take ci.

Babban dalilin dai shi ne wutarmu daban take. Gandun dajin Binuwai hekta 180,000 ne, na Bouba Ndjida 220,000, na Faro 330,000, kuma mafi yawan abin da ke ci ciyawa ce, mai gudu da saurin mutuwa. Masu kula da gandun daji da kansu sukan sa wuta da wuri, a ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, don wutar ta yi sanyi ta bar itatuwa, ta kuma rage abin da wutar bazara za ta ci. Makarantar horar da jami'an namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, ta yaye ma'aikatan gandun daji daga ƙasashen Afirka da dama. Wutar da ke ɓarna ita ce ta Fabrairu da Maris: ta mai farautar gafiya, ta mai cire zuma, ta mai neman sabon tsiro don dabbobi, ta guntun taba da aka yar. Ita ke cinye rumbu da tarin auduga da karan da aka ajiye wa shanu, wahalar shekara guda ta tafi cikin sa'a ɗaya.

Maganin wannan yana hannun mai unguwa da manomi da makiyayi kafin ya kai ga matuƙi: share faɗin 'yan mitoci kewaye da gona da rumbu tun kaka, daina sa wuta da rana tsaka ko lokacin iska, da ƙungiyar matasa a kowane ƙauye mai kayan duka da jarkokin ruwa. Afirka ta Kudu ta kafa shirin Working on Fire a 2003, kuma ko da yake yana da jirage, ƙarfinsa dubban matasa ne da aka horar suna aiki a ƙasa, har aka tura wasunsu taimaka wa Kanada a 2023. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga wanda har yanzu zuciyarsa ke kan kujerar, shawarata ita ce ya fara yin gwajin lafiyar matuƙa kafin a sayar da ko akuya ɗaya, domin matsalar ido kaɗai na iya rufe ƙofar. Ya tabbatar hukumar jiragen sama ta amince da makarantar da zai shiga, ya kuma bincika ko lasisinta na aiki a ƙasar da yake son neman aiki. Ya sani cewa aikin na lokaci ne, wata uku ko huɗu a shekara, albashin farko kuma ba ya biyan bashin makaranta da wuri. Idan ya ji duk wannan bai karaya ba, to bismilla, Allah Ya ba da sa'a, Ya kuma sauke mu lafiya.