Jitar Majami'a da Jakinta Mai Motsi

Sau da yawa mukan ga ɗalibi ya gama saita jitar lantarki tun kafin sujada, amma da an kai baiti na biyu sai muryarta ta kauce wa ta mawaƙa. Nan da nan a ɗora wa yaron laifi, alhali kuwa matsalar tana wurin jaki.

Jaki, kamar yadda masu goge ke kiransa, shi ne abin da tsirkiya ke hawa a jikin kayan kiɗa. A jita irin Stratocaster, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1954, jakin na ƙarfe ne, kuma yana motsi. Akwai ɗan hannu da makaɗi ke dannawa domin murya ta yi rawa. Turawa suna ce da wannan tsari tiremolo.

In muka buɗe murfin bayan jitar za mu ga sifirin, galibi guda 3, ko da yake akwai gurbin 5. Tsirkiyoyi 6 suna jan jakin gaba, sifirin suna jansa baya, kamar sikelin mai awo a kasuwa. Saboda haka in aka ɗaure tsirkiya ɗaya, jakin ya ɗaga, sauran su sassauta. In ɗaya ta tsinke kuwa, sifirin su rinjaya, sauran biyar duka su haura sama. Wannan shi ne abin kunyar da muke gudu a tsakiyar waƙa.

Gyaran ba wuya. A fara saita tsirkiyoyin duka, sa'an nan a dubi gindin jakin. Ƙa'idar Fender ita ce ya ɗaga daga katako kamar milimita 3. In ya wuce haka, a ɗaure sukuru biyun da ke riƙe da ƙugiyar sifirin a baya, rabin juyi kawai, a sake saitawa, a sake dubawa. Sai an maimaita sau uku ko huɗu, gama duk juyin da aka yi yana canza ɗaya gefen. A goga bakin fensir a ramukan da tsirkiya ke bi kusa da kan jitar, don kada ta maƙale.

Amma a nan Illela shawararmu dabam ce. Hunturu yana busar da katako, damina ta kumbura shi, sabuwar tsirkiya kuma sai an aika Sakkwato ko a tsallaka Birnin Ƙonni. Ga shi waƙoƙin sujada ba su cika bukatar wannan hannu ba. Gara a ɗaure sifirin har jakin ya kwanta sarai a kan katako. Ko kuma a cusa guntun itace a bayan ƙarfen da sifirin ke maƙale a jikinsa, yadda Eric Clapton na Ingila ke yi wa tasa. Hannun kuma a kwance shi, a ba shugaban mawaƙa ya ajiye, don yaran aji ɗaya ba sa iya ganinsa su ƙyale.