Idan Babur Mai Silinda Biyu Yana Tari

Tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Triumph masu silinda biyu, sau da yawa gefe ɗaya ne ke ciwo. Kafin mu tura shi wurin makaniki a Tudun Jukun, mu tayar da inji minti ɗaya, mu kusantar da hannu ga salansa biyun. Wadda ba ta yi zafi sosai ba, mu kwance filogin gefenta. Idan ya jiƙe da fetur, wuta ba ta zuwa. Idan fari ne fat, iska na satar shiga ta bakin kafireto. Wannan ya fi haɗari, domin yana iya ƙona fistin. Sai mu musanya filogin biyu. Idan ciwon ya bi filogi, sabo kawai za mu saya. Idan bai bi ba, mu duba kwantak da kwal.