Gure: wa za a danƙa wa makullin ɗakin karatu?

Daga Gure zuwa Damagaram tafiyar kilomita wajen 160 ce. Zuwa Yamai kuwa ta haura 1000. Duk ɗan Muniyo da ya yi sha'awar aikin kula da littattafai, wannan doguwar hanya ce ke gabansa, don a Yamai makarantar da a da ake kira IFTIC take, inda ake horar da ƴan jarida da masu adana takardu. Wanda ya nemi ya zarce nan sai ya dubi Dakar, ƙasar Sanagal, inda aka buɗe makarantar EBAD a 1967 domin ƙasashe masu aiki da Faransanci. Wanda ya sha wannan wahala ya samo takardar shaida, da wuya ya roƙi a turo shi bakin rairayi. Saboda haka a ƙananan garuruwa, sau da yawa malamin makaranta ake miƙa wa makulli, ya buɗe in ya sami sarari.

Nisa ba shi kaɗai ba ne. Karatun da aka gada an yanka shi ne daidai da mai karanta Faransanci. Ana koya wa ɗalibi jera littattafai bisa tsarin Dewey, da cika katin kowane littafi, kuma babu mai raina wannan ilimi. Amma wa ke shigowa ɗakin karatu a Gure? Ɗan kasuwa mai son a fahimtar da shi patanti da takardun duwan. Ma'aikaci mai shirin konkur. Manomi mai neman dabarar tsayar da rairayin da ke cinye masa kwarin dabino da kanwa. Yawancinsu da Barbarci ko Hausa za su yi tambaya, wasu ajami kawai suke karantawa. Malamin zaure mai kundin kakanni da gara ta fara ci, shi ma yana da buƙata, alhali gwanayen gyaran irin waɗannan rubuce-rubuce suna cibiyar IRSH ta Yamai, inda aka tara dubbansu tun daga tarin marigayi Bubu Hama.

Abubuwa 2 da suka faru a watan Maris na 2025 sun sa maganar ba ta jira. Nijar ta ba da sanarwar fita daga ƙungiyar Farankofoni, wadda tun 1986 ta ƙirƙiro ɗakunan karatu na karkara da ake kira CLAC. Sannan sabon kundin tsarin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan littafin Hausa ba baƙo ba ne kuma a kan kanta, sai dai ina wanda aka koya wa zaɓensa, da sayensa, da jera shi?

Makwabta sun riga mu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da wannan fanni tun 1968, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashensa, kuma dukansu sun fi Dakar kusa nesa ba kusa ba. Littattafan Hausa na boko da na ajami suna nan jibge a kasuwar Kurmi, ƴan kasuwarmu na wuce su kowane mako. Jami'ar André Salifou ta Damagaram za ta iya ɗaukar gajeren horo lokacin hutun damina ga malaman da makullan ke hannunsu yanzu: jera littafi cikin Hausa da Barbarci, karanta ajami, ɗaukar hoton kundi da wayar salula kafin gara ta gama da shi.