Dalasi da liyon: kuɗi biyu da suka fito daga fam ɗaya

Duk wanda ya taɓa kai goro daga Saliyo zuwa Gambiya ya san ba a nauyin huhu wahalar take ba, a lissafi take. Ka saya da liyon, ka biya mota da kuɗin Gini, ka ratsa Senegal da sefa, ka sayar da dalasi a Serekunda. Yaran da muke koya wa fatauci suna ɗauka haka abin yake tun fil'azal, alhali iyayenmu da kuɗi iri ɗaya suka yi wannan tafiya a ƙasashen Ingilishi.

A 1912 Turawan Ingila suka kafa hukumar kuɗi guda ga ƙasashe huɗu: Najeriya, da Gwalkwas wadda ta zama Gana, da Saliyo, da Gambiya. Fam da sule da kwabo ne ke yawo. Sulen da aka ba ka a Kano shi za ka kashe a Firitawun, babu ɗan canji a tsakani. Da aka samu 'yanci sai kowace ƙasa ta so nata.

Saliyo ta fito da liyon a watan Agusta na 1964, liyon 2 a fam ɗaya, wato kowane liyon sule 10 ke nan, daidai yadda aka yanka naira a 1973. Gambiya ta ɗan yi zamani da fam nata, sai a 1971 ta kawo dalasi, 5 a fam ɗaya, kowane dalasi kuma butut 100. Sunan ma ba baƙo ba ne a kunnenmu. Masana na danganta shi da tsohuwar azurfar Faransa ta faran 5 da ta daɗe tana yawo a bakin kogin Gambiya, ana ce mata dala. Mutanen Nijar har gobe dala suke ce wa sefa 5.

To ku riƙe wannan lissafi: a 1971 liyon ɗaya dalasi biyu da rabi ne. Liyon ne babba. Har wajen 1980 yana kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka.

A shekarar 1980 ɗin ne Siyaka Stevens ya karɓi baƙuncin taron shugabannin Afirka a Firitawun, aka kashe dukiyar da ƙasar ba ta da ita. Lu'ulu'u kuwa, wanda ya kamata ya kawo kuɗin waje, ta bayan fage yake fita. Gwamnati ta koma buga takarda tana biyan albashi, farashin banki daban, na kasuwa daban. A 1986 aka saki liyon ya nemi farashinsa da kansa, sannan yaƙi ya ɓarke a 1991, bai ƙare ba sai 2002. Wajen shekara ta 2000 dala ɗaya ta kai liyon 2,000. Cutar Ebola ta zo a 2014 tare da faɗuwar farashin tama, zuwa 2020 ana maganar 10,000. Na ga lokacin da mai sayen goro ke shiga kasuwa da jakar leda cike da ɗauri, ƙirga kaɗai ya ci masa hantsi.

Dalasi ma a 1986 aka sake shi, zamanin Dauda Jawara, bayan gyaɗa ta yi shekaru ba ta biya ba. Ya faɗi, amma faɗuwar mai saukowa daga matakala. Ƙasar ba ta yi yaƙi ba, tana da masu yawon buɗe ido, ga 'ya'yanta a Turai suna aiko da kuɗi, ga kayan da ake saukewa a tashar Banjul a tsallaka da su maƙwabta. Wannan kasuwar ta ƙarshe ta sha duka a 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, don kayan Banjul sun yi wa masu sefa tsada dare ɗaya. A 2015 Yahya Jammeh ya ba da umarnin ƙayyade farashin dala. Abin da ya biyo baya kowane ɗan kasuwa zai iya faɗa maka tun kafin ya faru: dala ta ɓuya, aka koma saye a lungu, har aka janye umarnin a farkon 2016. A ganina gwamnati ba ta taɓa yi wa ɗan canji gata irin ranar da ta ce ta kashe kasuwarsa ba.

Inda nake so a kula shi ne 1 ga Yuli, 2022. Ranar Saliyo ta goge sifiri uku daga kuɗinta, tsohon liyon 1,000 ya zama sabon liyon 1. Dala tana wajen 13,000, ta koma 13. Kafin 2023 ta ƙare ta haura 20. A 2024 dala ɗaya tana wajen dalasi 70, tana wajen sabon liyon 22 ko 23. Idan ka raba, sabon liyon ɗaya ya kai dalasi uku, sai ka ce babu abin da ya canza tun 1971. Amma mai da sifiran nan uku wurinsu, za ka ga dalasi ɗaya ya fi tsohon liyon 300.

Wannan ba lissafin makaranta ba ne, yana raba zumunci. Na zauna a sulhun wasu 'yan uwa da mahaifinsu ya rasu ya bar littafin bashi, an rubuta miliyan 40 ba kwanan wata, ba a ce tsohon kuɗi ne ko sabo ba. Wanda ake bi ya ce dubu 40 ne na yanzu, kuma gaskiyarsa. Magada suka ce huhunan goron da aka ba shi a lokacin, dubu 40 ba ta sayen rabinsu yau, su ma gaskiyarsu. Sai da limami ya sa aka nemo direban da ya ɗauki kayan ya faɗi yawan huhunan, aka sasanta a tsakiya.

Ni dai a littafina, bashin da zai wuce wata uku ina rubuta kwanan wata, da sunan kuɗin, da yawan kayan, da farashin sefa na ranar, shaidu biyu su sa hannu. Matan gidanmu masu adashi a Firitawun kuwa tun bara suka rage zagayen daga wata goma sha biyu zuwa shida, don mai kwasar ƙarshe ta daina karɓar kuɗin da ba ya sayen abin da ta farko ta saya.