Fuskar Da Muke Wankewa Kullum, Da Ciwon Da Ke Cinye Ta

 

'Yan uwa ɗalibai da iyayenmu na Avotrou da Zongo, duk wanda ya zauna darasin fiƙihu ya san iyakar fuska a alwala: a tsaye daga matsirar gashin kai zuwa ƙarshen haɓa, a kwance daga kunne zuwa kunne. Wanke ta farilla ne, kurkurar baki da shaƙa ruwa sunna ne, asuwaki kuwa mustahabbi. Wannan duk mun haddace. To amma me ke ƙarƙashin fatar da muke wankewa? Sanin haka zai iya ceton ran yaro a cikin gidajenmu.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Ƙasusuwa 14 ne suka haɗu suka ba fuska siffarta. A cikinsu ɗaya ne kawai ke motsi, wato muƙamuƙin ƙasa, da shi muke tauna da magana da karatu. Muƙamuƙin sama yana riƙe haƙoran sama, kuma shi ne rufin baki, shi ne daɓen hanci. Tsakanin cikin baki da wajen kunci kuwa babu ƙashi ko kaɗan, tsoka ce da kitse da fata. Ka sa harshenka ka tura kuncinka, za ka ji yadda bangon yake da laushi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jijiyoyi 12 ne ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa, biyu daga cikinsu su ne masu hidimar fuska. Ta biyar ita ke kai saƙon ji, tana da rassa uku, na goshi da na kunci da na muƙamuƙi. Shi ya sa ciwon haƙori ɗaya kan sa rabin fuska ya ɗauki zogi. Ta bakwai ita ke motsa tsokokin murmushi da rufe ido da ɗaga gira. Tana ratsa wata matsarmamar yawu da ke gaban kunne, wadda kan kumbura idan yaro ya kamu da hangum.

Idan jijiya ta bakwai ta kumbura, baki kan karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, goshin ɓangaren ya ƙi yamutsewa. Sai ka ji ana cewa ai aljani ne ya mare shi. Yawancin masu wannan suna warkewa, musamman in sun sami magani a kwanakin farko. Amma idan baki ya karkace, hannu ya yi nauyi, magana ta sarƙe, to wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a ruga asibiti a take, kada a ce sai gobe.

Akwai kuma wuri daga kusurwoyin baki biyu zuwa karan hanci. Jijiyoyin jinin wannan wuri suna da hanyar da ke shiga cikin ƙoƙon kai. Don haka likitoci ke hana matse maruru ko ƙurji a nan, 'yan uwa samari a kula.

Ciwon da ke farawa daga dasashi

Mu koma kan bangon kuncin nan mai laushi. Akwai cutar da likitoci ke kira noma. Sunan ba shi da alaƙa da aikin gona, kalma ce ta Girkanci da ke nuni ga abin da ke cinyewa. A ƙasar Sakkwato wasu na ce mata ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro.

Farkonta ba ya tsoratar da kowa. Dasashi ya yi ja, yana jini in an taɓa, baki yana wari, yaro na zubar da yawu yana ƙin abinci. Bayan 'yan kwanaki kunci ya kumbura. Daga nan sai wani baƙin tabo ya fito a fata, naman wurin ya mutu ya zube, rami ya buɗe har ana ganin haƙora daga waje. Tana iya cin leɓe da hanci da ƙashin muƙamuƙi, duk cikin mako biyu ko ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran kan rasu. Wanda ya rayu, tabon kan ɗaure muƙamuƙinsa ya kasa buɗe baki, ga wahalar ci da magana, ga tsangwamar mutane.

Abin ban takaici, a matakin farko maganin mai sauƙi ne: maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun likita, wanke baki, da abinci mai gina jiki. Idan an makara kuwa sai tiyata bayan tiyata, a ciro fata da nama daga wani sashen jiki a gina kunci ko leɓe. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman don wannan cuta, an buɗe shi a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana taimaka masa tun 2014. A Damagaram ta Nijar ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Me ya rage gare mu?

Wani zai ce ai Sakkwato da nisa. To ina kakanninmu suka fito, ina muke zuwa biki da ta'aziyya? Kuma tamowa da ƙyanda ba su tambayar takardar shiga ƙasa. Ga abin da kowa zai iya:

1. Duk mai koya wa ƙanensa alwala, idan an zo kurkurar baki ya ce masa ya buɗe, ya duba dasashi.
2. A saba wa yara asuwaki ko buroshi safe da dare, ƙanana kuwa a goge musu da tsumma mai tsabta.
3. A kai su rigakafin ƙyanda, a kula da cimarsu bayan yaye.
4. Jini a dasashi da warin baki da kumburin kunci, in sun haɗu a yaro, a kai shi asibiti a ranar. A yi masa addu'a a hanya, neman magani ai umarnin addini ne.
5. Wanda ciwon ya bar wa tabo, a zauna da shi a ci abinci tare. Ba a ɗaukar cutar daga gare shi, kuma izgili haramun ne.

Allah ya tsare mana ƙannenmu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya haskaka fuskokinmu ranar tsayuwa. Amin.